Abincin marmari da abincin kewa: me ya ci gidan abincin Agern a Niyok?

Duk wanda ya taɓa zama a Bronx yana aiki a Manhattan ya san jirgin ƙasa mai lamba 4, ka shige shi da asuba kana gyangyaɗi, ka sauka a tashar Grand Central ka bi ayarin mutane kowa yana sauri kamar an biyo shi. Shekaru na yi ina bin wannan hanya. Idan ka nufi ƙofar titi na 42 akwai wani babban zaure da ake kira Vanderbilt Hall, a da can ɗakin jiran fasinja ne, daɓen marmara, manyan fitilu na reto daga sama, to daga 2016 zuwa 2020 rabin wannan zaure ƙamshin kirfa da kofi da sabon burodi yake yi. 'Yan Danmak ne suka kama wurin suka sa masa suna Great Northern Food Hall, a gefensa kuma a ɗan saƙo akwai ainihin gidan abincin nasu na manya mai suna Agern, wanda a yarensu sunan ɗan wata babbar bishiya ce ta ƙasashen sanyi.

Yau babu su, wasu ne a wurin. Kuma abin ya daɗe yana min yawo a kai, saboda ni ma a kicin na nemi abincina a garin nan, daga wanke-wanke na fara. Ya za a yi gidan abinci ya buɗe a watan Afrilun 2016, kafin shekara ta ƙare ya samu tauraron Michelin, lambar yabon da ake ba fitattun gidajen abinci, yana zaune cikin tashar da ake ƙiyasin mutum wajen 750,000 ke ratsawa kullum, amma ko shekara biyar bai cika ba? In ka tambayi mutane za su ce maka korona ce, shikenan. Eh korona ce ta ƙarasa shi, ba musu, amma ai koronar nan ba ta tsallake Bronx ba, mu ta fi yi wa ɓarna ma, kuma hajiyar da nake sayen tuwo da miyar kuka a wajenta har yau tukunyarta tana kan wuta. Kenan akwai abin da ya raba su, kuma shi nake so mu duba.

Sai an ɗan koma baya tukuna. Mai wurin, Claus Meyer, ba ƙaramin mutum ba ne a harkar abinci, shi da kuku René Redzepi suka kafa gidan abincin Noma a Kofanhegan a 2003, sunan ma gutsure ne na kalmomi biyu da ke nufin abincin ƙasashen arewacin Turai. A lokacin in ka ce abincin alfarma a Turai to Faransa kake nufi ko Italiya ko Sifen, su kansu 'yan Danmak kallon abincinsu suke kamar na ƙauye, naman alade da dankali da miya mai kauri. A 2004 Meyer ya tara manyan kukun yankin, mutum 12 suka sa hannu a wata takarda mai sharuɗɗa 10, wadda a taƙaice cewa take: ku dafa abin da ƙasarku ke fitarwa, a lokacin da take fitar da shi, ku daina jiran jirgi ya kawo muku daga kudu. Noma ta ɗauki abin da zafi, ta ajiye man zaitun, ta shiga daji da bakin teku tana tsinto ganyaye da gansakuka da ciyawar ruwa, har tururuwa suka sa a faranti saboda ɗan tsamin da take da shi. An yi musu dariya da farko. Sai ga shi an zaɓe su gidan abinci na ɗaya a duniya a 2010 da 2011 da 2012 da 2014, suka sake a 2021.

Ni abin da ya burge ni a tsarin nan ba tururuwar ba ce. Ƙasashen nan lokacin nomansu gajere ne, sanyi ya fi rabin shekara, don haka tun kaka da kakanni dabararsu ita ce adana abinci, a busar, a kyafe, a zuba gishiri, a jiƙa a ruwan tsami, a rufe abu a bar shi ya kwana biyu ya canza ɗanɗano. Duk wanda ya ga yadda ake dafa kalwa a rufe ta kwanaki har ta zama daddawa ya gane wannan ilimi, babu wani sabon abu a ciki, abin da suka yi kawai sun daina jin kunyarsa, suka ɗauko shi daga ɗakin tsofaffi suka ɗora a teburin da attajirai ke zama. Wannan kam na jinjina musu har gobe.

To amma ka ga inda matsala ta fara. Aƙidar da ta ce ka dafa abin da ke ƙarƙashin ƙafarka, ya za ka ɗauke ta ka tsallaka teku da ita? In ka yi odar kifi da ganye daga Danmak ka karya dokarka da kanka. In kuma ka sayi na manoman jihar Niyok, to me ya rage na Sikandinebiya a farantin? Agern hanya ta biyu suka bi, kayan gona da na ruwa daga yankin da suke, hannu da dabara kuma na gida, babban kukunsu Gunnar Gíslason ɗan Aisland ne, mai gidan abincin Dill a Reykjavik. Abincin da aka fi saninsu da shi wata jar saiwa ce da ake kira bit, a lulluɓe ta da gishiri da toka a gasa, a kawo gabanka a fasa ɓawon a yanka maka. Masana sun yaba sosai. Sai dai abu ne da sai an zauna an yi maka bayani kafin ka gane me ya sa za ka biya sama da dala 100 a jerin ƙananan farantai, kuma duk abincin da sai an yi wa mutum lacca a kansa to masu dawowa karo na uku da na huɗu ba su da yawa.

Sai maganar kuɗi, wadda ita mai cin abinci ba ya gani. Bari in gaya muku yadda kicin irin wannan yake daga ciki, don na yi aiki a wani makamancinsa, ba zan kama suna ba. Ƙarfe goma na safe muke shiga saboda abincin ƙarfe shida na yamma. Akwai wani yaro da aikinsa kenan ya zauna da matsefata yana cire ƙananan ganye daga reshe ɗaya bayan ɗaya, yana jera su a kan tsumma mai laima, in gefen ganye ya ɗan yi baƙi a zubar, awa uku yana abu ɗaya wuyansa a sunkuye, kuma wannan ganyen loma ɗaya ce a bakin kwastoma. Ni kuma a baya ina wanke farantai da hannu saboda wasu ba sa shiga inji, kowane mutum ɗaya da ya zauna sai ya ɓata faranti goma ko fiye, banda kofuna. Wata rana na lissafa, mu da ke aiki mun kusa yawan waɗanda ke zaune a tebur. Ranar da faranti ɗaya ya suɓuce min ya fashe, tsawar da aka daka min a gaban kowa har yau ina jin ta, kuma ba wanda ya ɗaga kai, don kowa ya saba.

To wa ke biyan waɗannan hannaye? A Kofanhegan amsar ta daɗe a ɓoye: 'yan koyon sana'a ne daga ko'ina a duniya suke zuwa su yi watanni suna aiki kyauta, don dai a rubuta a takardarsu cewa sun taɓa aiki a Noma. Sai a watan Oktoban 2022 Noma ta fara biyansu, kuma hakan ya ƙara mata aƙalla dala 50,000 a wata. Watanni uku bayan nan, Janairun 2023, Redzepi ya fito ya ce za su daina hidimar yau da kullum yadda aka saba, ya ce tsarin ba mai ɗorewa ba ne, ta fuskar kuɗi da ta fuskar rai. Wannan fa wurin da a lokacin mutum ɗaya ke biyan dala 500 ko fiye ne, kuma ake rububin samun kujera. Shi da kansa tun 2015 ya rubuta cewa ya yi shekaru yana muzguna wa na ƙasa da shi a kicin. In ita Noma, uwar tafiyar, ta ce lissafi ba ya fita in an biya kowa haƙƙinsa, me kake tsammani ga wanda ya buɗe a tsakiyar Manhattan, inda haya kaɗai ta isa ta karya mutum, kuma mafi ƙarancin albashi ya tashi daga dala 9 a awa a 2016 zuwa dala 15 a ƙarshen 2018? Kada a fahimce ni a baibai, ƙarin albashin nan daidai ne, ni na san abin da ya canza a gidana, ba shi ne laifi ba. Tona asiri kawai ya yi, ya nuna cewa farashin da ke kan takarda bai taɓa zama ainihin kuɗin abincin ba.

Agern sun ma gwada yin abin kirki a nan. Sun fara da tsarin ba a ba da tukwici, an haɗa komai a farashi kamar yadda ake yi a ƙasarsu, don na bayan kicin ma ya samu rabonsa ba masu kai faranti kaɗai ba. Amma Ba'amurke in ya ga farashi a takarda kwatantawa yake da na maƙwabci, ba ya tuna cewa can zai ƙara kashi 20 a kai, sai ya ga kamar kun fi tsada, daga baya dole suka koma tsarin gari. Ba su kaɗai ba, Danny Meyer ma (wani mai gidajen abinci a Niyok, ba dangin Claus ba ne, suna ne ya zo ɗaya) da ya jagoranci wannan yunƙuri a 2015 ya haƙura a 2020.

Tunda ana maganar na bayan kicin ba zan wuce ban ambaci Ali Sonko ba, mutumin Gambiya da ya yi shekara da shekaru yana wanke-wanke a Noma tun farkonta. A 2010 da za a ba su kambun farko a Landan bai samu biza ba, abokan aikinsa suka hau dandamali sanye da riguna masu hotonsa, a 2012 ya samu zuwa shi ya yi jawabi, a 2017 kuma aka ba shi hannun jari a gidan. Ranar da na ji labarin nan na yi murna kamar ɗan'uwana ne. Amma na san mutum nawa ne irinsa a kicin-kicin na Manhattan, 'yan Mali da Gini da Gana da Nijar da Meziko, waɗanda ranar da aka rufe gida saƙo ɗaya ake turo musu a waya.

Yanzu wurin da suka zauna. Mutum 750,000 a rana adadi ne mai ruɗi wallahi, domin mutanen tasha ba masu zama ba ne, masu wucewa ne, kowa idonsa na kan allon jirgi. Wanda ke da minti bakwai kafin jirginsa na Metro-North mai zuwa bayan gari ya tashi abin da zai riƙe a hannu ɗaya yake nema. Shi kuwa abincin da aka fi sanin 'yan Danmak da shi, wanda suke kira smørrebrød, yankan baƙin burodi ne mai nauyi a shafa bota a jera kifi ko ƙwai ko nama a sama ba a rufe ba, kyakkyawa kamar kada ka taɓa, amma sai da wuƙa da cokali mai yatsu kuma sai ka zauna. Na sha tsayawa gaban gilashin ina kallo, ban cika saya ba saboda shakkar abin da ke ciki, mu da alade da giya sai a hankali, iyakata burodin kirfa da kofi, kuma gaskiya burodin ya yi. Na lura da yawan masu ɗaukar hoto su wuce. Shi kuma Agern na ciki, mai son cin abincin awa biyu da rabi da matarsa ba lallai tashar jirgi ce za ta fara zuwa masa a rai ba.

Duk waɗannan dalilai ne, amma a ganina babban dalilin shi ne wannan. Gidan abincin baƙi a babban birni ƙafa biyu yake iya tsayawa a kai, ko dai kewa ko marmari. Abincin kewa shi ne wanda mutum ke nema saboda ransa ya koma gida, direban tasi ya tashi aiki ƙarfe biyu na dare ya bi ta titi na 116 a Harlem don shinkafa da kifi irin ta Senegal, ko mu mu bi layi a Bronx saboda tuwo ko waake, ba ma duba me jarida ta ce, ba ruwanmu da tauraro, in an yi dusar ƙanƙara za mu je, in an yi annoba za mu buga waya a ƙulla mana a leda. Abincin marmari kuwa na wanda ya ƙoshi ne yana neman sabon abu, yana da kuɗi, yana da kirki ma, amma bana yana wajenka baɗi an buɗe na 'yan Koriya ko Peru ya koma can, kuma ba laifinsa ba ne, dama abin da ya kawo shi kenan.

'Yan Sikandinebiya sun taɓa samun ƙafar farko a garin nan. Unguwar Bay Ridge da kewayenta a Brooklyn cike take da 'yan Nowe a da, yawancinsu ma'aikatan jirgin ruwa da tashar jiragen ruwa, har ana yi wa titi na 8 laƙabi da sunan wani faten nama da dankali nasu, lapskaus. Suna da gidajen burodinsu da shagunansu da wuraren cin abincinsu. Sai aikin tashar ya ja baya, 'ya'ya suka yi karatu suka koma bayan gari, wasu suka koma gida, yau in ka bi titin nan rubutun Sinanci za ka gani ko'ina. Kenan lokacin da Meyer ya kwaso iyalinsa ya zo Niyok, mutanen da za su ci abincinsa don kewa sun riga sun watse, kuma ko da suna nan ma, tsohon ma'aikacin jirgi ba bit da aka gasa a toka yake kewa ba, faten mahaifiyarsa yake kewa. Sabon abincin arewan nan ko a Danmak ba abincin gida ba ne, ƙirƙirarsa aka yi a 2003. Ƙafa ɗaya Agern ya tsaya a kai tun ranar farko.

Wani zai ce to ai Aquavit na nan tun 1987, shi ma na 'yan Suwidin ne a Manhattan ɗin, ga Aska a Brooklyn mai taurari biyu. Gaskiya ne, kuma wannan ya nuna ana iya rayuwa a kan marmari. Amma dubi yadda suka yi. Aquavit ya yi shekaru talatin yana tara mutanensa tun zamanin Marcus Samuelsson, haifaffen Habasha da ya tashi a Suwidin, wanda ya zama babban kuku a can a 1995 yana ɗan shekara 24, har marmarin wasu ya rikiɗe ya zama sabo, kuma bai taɓa jin kunyar sayar da ƙwallon nama da kifin gargajiya ba. Aska kuma ƙaramin wuri ne mai 'yan tebura, mai shi yana tsaye a kicin. Meyer da faɗi ya shigo, gidan alfarma da zauren abinci mai rumfuna da yawa da gidan burodi duk a lokaci guda, a ɗaya daga cikin wurare mafi tsada a duniya, irin wannan sai kullum kasuwa ta cika ake numfashi. Kuma ba na zarginsa da haɗama, mutumin da ya buɗe Gustu a La Paz ta Bolibiya da makarantar koyon girki a Brownsville, unguwar talakawa a Brooklyn, ba kuɗi kaɗai ke gabansa ba.

Sai miya ta ƙare aka san maci tuwo. Ranar 16 ga Maris 2020 aka hana zama cin abinci a Niyok, fasinjojin Metro-North suka ragu da sama da kashi 90, ofisoshin tsakiyar gari suka koma aiki daga gida, 'yan yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa. Na ratsa Grand Central a watan Afrilun shekarar, ina jin ƙarar takalmina a zauren da a da ko muryarka ba ka ji. Masu abincin kewa suka koma ƙulli a leda da 'yan kai saƙo a keke, wahala ce amma ana motsi. Jerin farantai goma da ake jera ganye da matsefata kuwa ba ya shiga leda, in ya shiga ya tashi daga abin da yake. Ko Noma a watan Mayun 2020 boga ta koma sayarwa a waje. Da aka bari a sake zama a ƙarshen Satumba, kashi 25 na kujeru aka yarda, a Disamba aka sake rufewa. A Kofanhegan ɗin ma gidajen da suka fito daga wannan tsatso irin su Relæ da 108 a 2020 suka rufe, Amass ya bi su a 2022, Fäviken na Suwidin ma tun Disamban 2019 aka rufe shi, babban kukunsa ya ce ya gaji.

Gíslason ya koma Reykjavik tun kafin kullen, Dill da ya rasa tauraronsa a 2019 ya maido da shi a 2020, wato mutumin da ya koma dafa abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Meyer yana da sauran harkokinsa. Waɗanda nake tunani su ne na baya, masu wanke-wanke da masu fere da masu goge daɓen marmaran nan bayan jirgin ƙarshe ya tashi. Akwai wani bawan Allah ɗan Afirka ta Yamma da nake gani yana share tebura a zauren, ba mu taɓa doguwar magana ba, in na zo wucewa da asuba sai ya ɗaga min hannu in ce masa sannu da aiki, ya gane ko bai gane ba sai ya yi murmushi. Tun Maris ɗin 2020 ban sake ganinsa ba, kuma har yanzu in na bi ta Vanderbilt Hall sai na waiga ɓangaren da yake tsayawa.